Hannun da Ke Auna Sakan: Yadda Ake Haɗa Agogon Grand Seiko

A kwana guda akwai sakan 86,400. Agogon hannu na Grand Seiko, irin wanda ba ya amfani da batir, ba a yarda injinsa ya bar masana'anta sai gwaji ya nuna cewa a cikin waɗannan sakan duka ba ya yin gaba da fiye da biyar, ba ya kuma yin baya da fiye da uku. Babu lantarki a cikinsa, babu kwamfuta, babu wani saƙo da yake karɓa daga tauraron ɗan'adam. Ƙarfe ne ke tura ƙarfe, kuma hannun mutum ne ya daidaita su har suka yi wannan jituwa. Duk mai son sanin dalilin da ya sa ake sayen irin wannan agogo da dubban daloli, sai ya bi aikin daki-daki ya ga abin da ke ciki.

Sana'ar tana da asali mai tsawo. A 1881 Kintaro Hattori ya buɗe shagon sayar da agogo da gyaransa a Tokiyo. A 1892 ya kafa masana'antar Seikosha, a 1913 kuma ta fitar da Laurel, agogon hannu na farko da aka ƙera a Japan. Girgizar ƙasar 1923 ta ƙone masana'antar, aka sake ginawa, shekara guda bayan haka sunan Seiko ya fara fitowa a fuskar agogo. Wannan gida ne ya yi Seiko 5 da iyayenmu suka ɗaura, wanda masu gyaran agogo a kasuwanninmu suka san cikinsa sarai. A watan Disamba na 1960, reshen kamfanin da ke Suwa a lardin Nagano ya fitar da Grand Seiko na farko, da tambarin zaki a bayansa. Kuɗinsa yen 25,000, kusan albashin wata biyu na wanda ya gama jami'a a lokacin. Manufar masu yin sa ita ce su ƙera agogon da zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da na Suwizalan, ƙasar da duniya ta sallama wa a wannan fanni.

Ba su tsaya ga faɗa da baki ba. Daga 1964 suka riƙa kai injinansu gasar auna daidaiton agogo a Nushatel, cikin Suwizalan ɗin kanta. Shekarar farko sun dawo can baya sosai. Suka koma gida, suka gyara, suka sake zuwa, shekara bayan shekara suna matsowa. A gasar Janiba ta 1968, injinan Seiko ne suka kwashe matsayi na huɗu zuwa na goma, ukun da suka sha gabansu kuwa duk masu aiki da lantarki ne.

Yau ana haɗa Grand Seiko marar batir a garin Shizukuishi da ke lardin Iwate, arewacin Japan. Ginin da ake aikin a ciki an buɗe shi a 2020, na katako ne da gilashi, kuma Kengo Kuma ne ya zana shi, wanda ya zana babban filin wasa na Tokiyo. Ta tagoginsa ana hango Dutsen Iwate mai tsayin mita 2,038. Ɗakin haɗa agogo kuwa tsaftarsa ta wuce misali. Ana tace iskar da ke shiga, ma'aikata suna sa fararen riguna da hula mai rufe gashi, suna kuma sa 'yar roba a yatsu don kada gumi ya taɓa ƙarfe. Ƙwayar ƙura guda idan ta faɗa inda bai kamata ba tana iya rage wa agogo gudu, ko ta tsayar da shi.

Kafin a fahimci aikin hannun, sai an san abin da ke faruwa a cikin injin. Komai yana farawa ne daga babban sifirin, wato wani dogon ƙarfe siriri mai faɗi da aka naɗe cikin ɗan gwangwani mai haƙora a gefensa. Idan mutum ya murɗa kan agogo, ya yi masa wani ke nan, sifirin ɗin yana ƙara naɗuwa yana tara ƙarfi. A agogon da ke yi wa kansa wani, akwai wani ƙarfe mai siffar rabin wata a bayan injin, wanda ke juyawa duk lokacin da hannu ya motsa, shi ke naɗe sifirin. Daga gwangwanin, ƙarfin yana bin jerin faifaye masu haƙora, kowane yana juya na gaba da shi da saurin da ya fi nasa, har ya kai ga hannayen da ke nuna awa da minti da sakan.

Da za a bar sifirin ya saki ƙarfinsa yadda ya so, cikin ƙiftawar ido zai warware, hannayen su yi ta juyi barkatai. Abin da ke hana haka abubuwa uku ne masu aiki tare. Na farko faifan saki, mai haƙora masu lanƙwasa. Na biyu wata 'yar ƙugiya mai baki biyu da ke tare haƙorin faifan ta kuma sake shi. Na uku zobe mai lilo, wanda ke juyawa dama ya dawo hagu, da wani siririn sifirin a tsakiyarsa mai dawo da shi duk lokacin da ya tafi. Aikinsu kamar na mai lambu ne a fadama, da ke buɗe bakin kwami ruwa ya shiga gwargwadon buƙata, ya toshe, ya buɗe na gaba. Duk lilo guda, ƙugiyar tana barin faifan ya matsa kaɗan, shi kuma yana ɗan tura zoben don kada lilon ya mutu. Wannan tarewa da saki ita ce ƙarar da kunne ke ji idan an kara agogo.

Yawancin agogon zamani na irin wannan suna bugawa sau 28,800 a awa, wato sau takwas a sakan. Grand Seiko yana da injina masu bugawa sau 36,000 a awa, sau goma a sakan, sau 864,000 a kwana guda. Amfanin saurin shi ne zoben da ke lilo da sauri ba ya saurin rikicewa idan hannu ya girgiza ko ya bugi wani abu. Amma saurin yana da tsada, domin yana cinye ƙarfin sifirin da wuri, yana kuma gajiyar da ƙarfe. Shi ya sa kamfanin yake haɗa nasa ƙarfen na sifirin, mai suna Spron, wanda ke jure naɗi da warwara, ba ya kuma saurin ɗaukar maganaɗisu. Faifan saki da ƙugiya kuwa ana yin su ne da fasahar da aka aro daga masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda ke fitar da siffa daidai har zuwa kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Da ita ake rarake cikin faifan ya yi sakayau, a kuma yi wa bakin haƙoransa 'yan matakai masu riƙe mai. A 2020 suka fitar da injin 9SA5, mai gwangwanin sifirin biyu, wanda ke bugawa sau 36,000 a awa kuma ya yi awa 80 yana aiki ba tare da an taɓa shi ba.

Na'ura tana iya yanka sassan, amma ba ta haɗa su su zama agogo. Injin guda yana da sassa tsakanin 200 zuwa 300, wasu sai an sa gilashin ƙara girma kafin a ga siffarsu. Mai haɗawa yana zaune ne a gaban teburi mai tsayi, wanda ya kusa kai masa ƙirji, domin ya ɗora hannuwansa su tsaya cak, idonsa kuma ya kusanci aikin ba tare da ya sunkuya ba. Kayan aikinsa kaɗan ne: hantsaki mai tsinin baki, jerin ƙananan sukundireba, gilashin da yake maƙalawa a ido, na'urar ƙara girman abu, 'yar robar hura iska, da wata siririyar allura ta ɗiga mai. Shi da kansa yake wasa bakin hantsakinsa da na sukundirebansa, saboda bakin da bai zauna daidai a kan noti ba zai zame ya karce ƙarfen da wani ya ɓata lokaci yana gogewa.

Yana farawa da farantin ƙasa, wanda komai zai zauna a kansa. A jikin farantin akwai 'yan jajayen duwatsu masu huda a tsakiya. Yaƙutu ne da ake haɗawa a masana'anta, an sa shi ne saboda tauri da santsi, domin ƙafar faifai ta yi shekaru tana juyawa a ciki ba tare da ta ci ramin ba. Injin 9S85 yana da irin waɗannan duwatsu 37. Mai haɗawa zai ɗauki faifai da hantsaki, ya saka ƙafarsa ta ƙasa a hudar dutsen, ya kawo gadar da za ta riƙe ƙafar sama, ya sauke ta a hankali har ƙafar ta shiga tata hudar, sannan ya ɗaure noti. Daga nan sai ya sa bakin hantsaki ya ɗaga faifan sama ya mai da shi ƙasa, yana jin yawan wasan da yake yi tsakanin duwatsun biyu. Idan wasan ya yi yawa, faifan zai yi rawa haƙoransa su kauce. Idan ya yi kaɗan, zai matse ya ci ƙarfi. Bambancin da ake nema a nan na kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ne, kuma da yatsu ake jin sa. Idan bai yi ba, sai a kwance gadar, a ɗan tura dutsen, a mayar, a sake ji.

Sai batun mai. Ba iri ɗaya ake sa wa ko'ina ba: wurin da ke ɗaukar nauyi yana juyawa a hankali yana son mai kauri, wurin da ke gudu yana son mai ruwa-ruwa. Mai haɗawa yana tsoma bakin allura, ya ɗauko ɗigon da ido ba ya gani sai da gilashi, ya ajiye shi a tsakiyar dutse. Idan ya yi yawa zai malala ya bar wurin a bushe, ya kuma jawo ƙura. Idan ya yi kaɗan ƙarfe zai ci ƙarfe. Wanda ya sayi agogon ba zai taɓa ganin wannan ɗigo ba, amma bayan shekara uku ko huɗu agogon da kansa zai faɗi ko an sa shi daidai.

Mafi wuyar aikin duka shi ne daidaita siririn sifirin da ke tsakiyar zoben lilo. Bai kai kaurin gashin mutum ba, kuma a naɗe yake zagaye bayan zagaye. Dole ne ya kwanta shimfiɗe, babu ɓangaren da ya ɗaga ko ya sauka, dole ne kuma tazarar da ke tsakanin kowane zagaye da na kusa da shi ta zama daidai, ta yadda idan zoben yana lilo sifirin zai buɗe ya rufe daga tsakiya, ba ya karkata gefe guda. Mai daidaitawa yana kallonsa ta na'urar ƙara girma, ya juya zoben a hankali, ya hango inda ya kauce. Sai ya kama wurin da hantsaki ɗaya, ya ɗan tura gefensa da na biyu. Turawar ba ta kai a kira ta motsi ba. Yakan riƙe numfashi kafin ya yi ta, domin idan ya wuce gona da iri ƙarfen ya lanƙwashe ke nan, mai yiwuwa sai an jefar da shi. Zoben ma sai an auna shi an tabbatar babu ɓangaren da ya fi wani nauyi, idan an samu kuma a rage ɗan abin da bai kai ƙwayar ƙura ba. Wannan mataki ba a damƙa wa sabon shiga shi. Sai wanda ya yi shekaru yana haɗa injina, hannunsa ya faɗa.

Idan injin ya tashi, sai gwaji na kwana 17. Ana ajiye shi a yanayi shida: fuska sama, fuska ƙasa, da kuma a tsaye ta ɓangarori huɗu. Dalili shi ne ƙasa tana jan zoben lilo daban-daban gwargwadon yadda agogon ya kwanta ko ya tsaya, hannun mutum kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Ana kuma gwada shi a sanyi da matsakaici da zafi, wato awo 8 da 23 da 38 a ma'aunin Salshiyas, saboda ƙarfe yana miƙewa da zafi ya tsuke da sanyi, mai kuma yana yin kauri ko ya tsinke. Hukumar da ke ba agogon Suwizalan shaidar daidaito tana gwaji ne na kwana 15 a yanayi biyar, tana kuma yarda da gaba na sakan shida da baya na huɗu. Grand Seiko ya ɗora wa kansa sharaɗin da ya fi wannan tsanani. Injin da ya faɗi yana komawa teburin mai daidaitawa, a sake gyara shi, a sake gwajin.

Gidan da injin zai zauna a ciki yana da nasa masu sana'ar. A 1967 aka fitar da samfurin 44GS bisa ƙa'idojin da mai zane Taro Tanaka ya shimfiɗa: jikin agogo ya kasance shimfiɗaɗɗun fuskoki masu kaifin gefe, kowace fuska ta yi sheƙi ba tare da ta murguɗa hoton abin da ke gabanta ba. Gugar da ke fitar da wannan sheƙi ana kiranta Zaratsu. Guga ta yau da kullum ana yin ta ne a gefen faifai mai laushi, wanda ke sa ƙarfe ƙyalli amma yana cinye kusurwa ya mai da ita zagaye. A Zaratsu, mai guga yana danna ƙarfen ne a kan fuskar faifai mai tauri da aka lulluɓe da samfefa, faifan yana juyawa. Wurin da ake gogewa yana manne da faifan, don haka ido ba ya ganinsa. Yatsu ne ke jin zafin da ke tasowa da rawar ƙarfen, su gane ko dannawar ta yi daidai ko ta karkata. Sai ya ɗaga, ya share, ya duba a ƙarƙashin fitila, ya mayar. Idan ya ɗan jinkirta ko ya danna gefe guda, fuskar ta lalace kuma ƙarfen da aka ci ba ya dawowa. Bayan haka ake yi wa fuskar da ke maƙwabtaka da ita gugar layi-layi marar sheƙi, a bar iyakar da ke tsakaninsu siririya, miƙaƙƙiya. Ka karkata agogon kaɗan, fuska ɗaya ta yi fari fat, ta kusa da ita ta yi baƙi wuluk.

Haka ake yi wa hannayen agogon da 'yan sandunan da ke nuna awa. Da wuƙar daimon ake yanka su, a fitar musu da fuskoki da yawa, ta yadda ko a wuri mai ƙarancin haske ɗaya daga cikin fuskokin za ta kama ɗan hasken da ke akwai, a iya karanta lokaci. Idan ana son hannun sakan ya yi shuɗi, ba fenti ake shafa masa ba. Ana gasa ƙarfen ne, launinsa yana sauyawa daga ruwan ƙasa zuwa shunayya zuwa shuɗi, mai gashin yana kallo, ya ɗauke shi a daidai lokacin da launin ya nuna. Fuskar agogon kuma sau da yawa daga ƙasar da aka yi shi ake ɗauko zanenta. Akwai mai layukan da ke kwaikwayon kwaruruwan Dutsen Iwate, akwai kuma mai kama da ɓawon farar bishiyar shirakaba da ke dazukan Shizukuishi. Wannan na biyun, mai ɗauke da injin 9SA5, shi ya ci kyautar agogon maza a babbar gasar agogo ta Janiba a 2021, kuma an fara sayar da shi a kan sama da dala 9,000.

Mai tambaya zai ce, ai wayar da ke aljihu ta fi shi faɗin lokaci daidai, agogon batir mai araha ma ya fi shi. Gaskiya ne, kuma babu wanda ya fi Seiko sanin haka, domin su ne suka fitar da Astron ranar 25 ga Disamba 1969, agogon hannu na farko a kasuwa mai aiki da batir da ƙwayar dutsen kwaz. Wannan ƙirƙira ta girgiza masana'antun agogo na duniya, har shi kansa Grand Seiko marar batir aka daina yin sa a tsakiyar shekarun 1970. Sai a 1998 aka dawo da shi da sabon injin 9S. Abin da ya sa dawowar ta yiwu shi ne ilimin bai mutu ba, akwai sauran hannayen da suka san yadda ake daidaita sifirin, suka kuma koya wa na baya.

Darajar agogon tana cikin wannan ilimi da kuma amanar da ake yin aikin da ita. Yawancin wahalar da aka sha a kansa tana wuraren da mai saye ba zai taɓa leƙawa ba: ƙarƙashin gada, cikin hudar dutse, bayan faifai. Mai kasala zai ce wa zai gani, ya ɗaure noti ya wuce, kuma aikinsa zai yi kyau a ranar farko. Mai haɗa wannan agogo ya san cewa ƙarfe ba ya rufa wa kowa asiri. Sakacin minti ɗaya a teburinsa zai fito a matsayin sakan goma a kowace rana a hannun wani mutum da ke wata nahiya. Shi ya sa yake kwance abin da ya riga ya ɗaure idan yatsunsa ba su gamsu ba, ko da babu mai duba shi. Gwamnatin Japan tana karrama irin waɗannan mutane da lambar ƙwararrun masu sana'a na zamani, kuma akwai masu haɗa agogon Seiko a cikin waɗanda suka samu.

Akwai kuma darajar daɗewa. Kayan lantarki idan ƙwaƙwalwarsu ta ƙone ko aka daina yin irinta, sun tashi aiki. Agogon sifirin kuwa an gina shi ne don a kwance shi. Bayan kowace shekara uku zuwa huɗu ana son a kai shi wurin gwani, ya warware shi gaba ɗaya, ya wanke sassan, ya canza wanda ya ci, ya sa sabon mai, ya sake daidaita shi. Mai shi kuma ya nisanta shi daga maganaɗisu irin na lasifika da murfin jaka, ya kiyaye shi daga faɗuwa. Idan aka yi haka, agogon yana iya wuce mai shi ya kai ga ɗansa da jikansa, kamar yadda har yau ake samun Grand Seiko na shekarun 1960 suna aiki.

Wannan daɗewa tana da sharaɗi guda: a samu wanda zai iya gyaran. Saboda haka koyar da matasa yana cikin aikin kowane gwani a Shizukuishi, kamar yadda haɗa injin yake. Sabon ma'aikaci yana farawa da riƙe hantsaki da ɗaure noti ba tare da karce ba, ya yi ta maimaitawa har abin ya zauna masa a hannu, kafin a matsar da shi mataki na gaba. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, in ji Hausawa, kuma kuɗin da ake biya a kan wannan agogo ladan shekarun haƙurin ne na mutanen da suka ƙi yarda da aikin a-yi-a-gama.